Ciniki da Mutanen Daji: Ina Iyakar Alhakin Ɗan Kasuwa?

Ranar Alhamis 28 ga watan Nuwamba na shekarar 2024 Gwamnan Jihar Kaduna, Sanata Uba Sani, ya zo Birnin Gwari, ya karɓi rukunin farko na 'yan bindigar da suka ce sun ajiye makamai, ya kuma sake buɗe kara, watau kasuwar shanu, wadda ta yi kimanin shekara goma a rufe. Duk wanda ya san abin da ƙasar nan ta sha ba zai raina wannan rana ba. Amma buɗe kasuwa ya fito da wata tambaya fili, wadda mutane da yawa suka daɗe suna ɗauke da ita a zuci, ba su faɗarta sai a ɗaki, murya ƙasa-ƙasa. Tambayar ita ce: mai tireda, ko mai teburin shayi, ko mai kemis, ko dillali, me ya halatta ya sayar wa mutanen daji, me ya halatta ya saya a hannunsu, kuma daga ina alhakin jinin da aka zubar yake fara hawa kansa?

Wannan tambaya ta shafi kowace unguwa, gama a kan benci ɗaya ranar Lahadi akan sami wanda ya sayar da gonarsa ya biya kuɗin fansa, kusa da shi kuma ga wanda ake raɗe-raɗin ya yi gini da kuɗin cinikin daji. Ya kamata mu dube ta a natse, domin gaggawar hukunci a kanta ta riga ta ci rayuka.

Gari da daji

Birnin Gwari gari ne na hanya. Babbar hanyar da ta taso daga Kaduna, tafiyar kimanin kilomita 120 ta Buruku da Udawa, a nan take haɗuwa da wadda ta gangaro daga Funtuwa, sa'an nan a miƙa Tegina har zuwa Legas. Ƙasar ta yi iyaka da jihohin Zamfara da Katsina da Neja. Ga kuma dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936, aka mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999, yana manne da dajin Kuyambana. Masara da dawa da shinkafa, katako da gawayi, zinariya da shanu, duk daga ƙauyuka da dazuzzuka suke fitowa su zo bakin hanya.

Tun kakanni, gari da daji ba su taɓa rabuwa da ciniki ba. Bafulatana takan kawo nono da man shanu, ta koma ruga da dawa da gishiri. Mahauci yakan karɓi sa a hannun dillali, ya yanka, sai kasuwa ta tashi ya biya. Manomi yakan ɗauki taki a shago da damina, sai kaka ya kawo buhu. Bahaushe da Bagwari da Bakamuke da Bafulatani da Ibo mai sayar da kayan gyaran mota, Musulmi da Kirista, kowa yana bin wani bashi, wani kuma yana binsa. Yawancin wannan ciniki ba takarda a cikinsa. An san uban mutum, an san ƙofar gidansa, shi ke nan. Jarin ƙaramar kasuwa amana ce kafin kuɗi.

Wannan amana ce ta fara tsagewa sa'ad da satar shanu ta girma ta zama fashi, fashi ya zama satar mutane da ƙone ƙauyuka. Ba mu manta da Gwaska ba, inda aka kashe mutum fiye da 40 a watan Mayu na 2018. Ba mu manta da shekarun da motoci ke jeruwa suna jiran rakiyar sojoji kafin su kama hanyar Kaduna ba. A ƙarshen watan Agusta na 2021 Gwamnatin Jiha ta dakatar da kasuwannin mako-mako a Birnin Gwari da Giwa da Igabi da Chikun da Kajuru, ta hana sayar da fetur a jarka. A ƙarshen Satumba aka hana hawan babur, aka katse layukan waya a wasu sassa, ba a maido da su ba sai wajen ƙarshen Nuwamba.

Waɗannan dokoki sun faɗi wata gaskiya mai ɗaci. Daji ba ya toya burodi, ba ya tace fetur, ba ya buga katin waya. Duk babur da ya shiga ƙauye da dare, man da ke cikinsa daga hannun wani ɗan gari ya fito. Magabata sun riga sun faɗa, sai da ɗan gari akan ci gari. Amma dokokin sun nuna wata gaskiya ta biyu. Da aka rufe kasuwa, mai ƙosai da mai faci da ɗan acaba da makiyayin da bai taɓa riƙe bindiga ba su ne suka fara kwana da yunwa. Maganin da ba ya bambanta mai laifi da marar laifi yakan fi cin marar ƙarfi.

Amsoshi biyu masu sauƙi

Akwai amsa ta farko, wadda ɗan kasuwa yakan bayar: "Ni ciniki nake yi. Wanda ya zo da kuɗinsa na ba shi kaya. Ban tambayi sunansa ba, ba kuwa aikina ba ne in bi shi in ga abin da zai yi da su." Kada mu yi saurin watsar da wannan magana, domin akwai gaskiya a cikinta. Kasuwa ba za ta ci ba in sai mai shago ya binciki zuciyar kowane mai saye. Maƙeri yana ƙera wuƙa, ba a kama shi don wani ya soki ɗan'uwansa da ita. Amma maganar tana da iyaka, iyakarta kuwa ita ce sani. Wanda aka ce masa ya kai jarka ashirin gindin wata bishiya bayan magariba, a biya shi ninki biyu, ba zai ce bai sani ba. Rufe ido da gangan ba ya zama jahilci. Lamirinsa ya riga ya gaya masa, shi ya sa yake lulluɓe kayan da buhu.

Akwai amsa ta biyu, wadda mai baƙin ciki yakan bayar: "Duk wanda ya sayar musu ko da ashana ce, ɗaya yake da su." Wanda aka kashe wa ɗa ko miji, in ya faɗi haka, sai mu yi shiru mu ji zafinsa. Amma in wannan ta zama doka, to tsohuwar da suka tsaya a kanta da bindiga suka ce ta dafa musu tuwo ta zama ɓarauniya ke nan, manomin da ya biya kuɗi kafin a bar shi ya girbe gonarsa shi ma ya zama mai laifi. Haka kuwa zalunci ne a kan zalunci: an ƙwace wa mutum dukiya, sa'an nan an ƙwace masa suna.

Tun da amsoshin nan biyu ba su ishe mu ba, sai mu nemi ma'aunin da zai rarrabe.

Ma'aunin da masana suka bari

Masanan ɗabi'a na Ikilisiya sun daɗe suna nazarin irin wannan matsala, musamman Waliyyi Alfonsus Liguori, wanda ya rasu a 1787. Sun raba taimakon mai laifi gida biyu. Na farko shi ne taimako na zuciya: mutum ya san mugun nufin, ya yarda da shi, yana so ya yi nasara domin yana da rabo a ciki. Wannan ba shi da uzuri ko kaɗan. Na biyu shi ne taimako na hannu kawai: abin da mutum ya yi ba mugun abu ba ne a kan kansa, zuciyarsa kuma tana ƙin laifin, amma mai laifi ya ɗauki kayansa ko aikinsa ya yi ɓarna da su. Wannan yana iya samun uzuri, in akwai dalili mai nauyi. Gwargwadon kusancin taimakon da laifin, da gwargwadon girman laifin, haka dalilin zai ƙara nauyi kafin ya isa uzuri.

Mu sauko da wannan ma'auni cikin kasuwarmu, mu ɗauki mutum huɗu.

Ga mai burodi a bakin tasha. Wani baƙo ya zo da rana tsaka ya sayi burodi biyar kamar kowa. Mai burodi yana zargi, amma ba shi da tabbas. Abinci ne, abinci kuwa ba ya kashe kowa, mai yiwuwa ma wani da ke ɗaure a daji shi zai ci. In ya hana, bai hana wani hari ba, ya dai jawo wa kansa da iyalinsa fitina. Wannan ba mu ga alhaki a kansa ba.

Ga mai kemis. An kawo masa mai rauni, ko mai zazzaɓi, ya ba da magani. Jinyar marar lafiya ba ta zama zunubi don marar lafiyan mugu ne, ko a fagen yaƙi akan yi wa abokin gaba magani. Amma in wannan mai kemis ɗin ne yake tara ƙwayoyi masu gusar da hankali kwali-kwali yana aikawa, alhali ya san su ake sha kafin a faɗa wa ƙauye, to ya bar jinya, ya shiga wani abu dabam, ko da shagon ɗaya ne, teburin ɗaya.

Ga ɗan bumburutu. Fetur shi ne ƙafar maharan. Tsakanin jarkarsa da ƙauyen da za a ƙone babu nisa. Wanda aka ɗora wa bindiga aka kwashe masa mai, an yi masa fashi ne, ba shi da laifi. Wanda kuwa ya mai da kai mai daji sana'arsa, yana da lambar wayarsu, yana jiran kiransu, ya san ranar da za a buƙaci da yawa, wannan taimakonsa ya kusa da laifin ƙwarai, har talauci ba ya isa ya wanke shi.

Ga na huɗu, wanda ba ya sayar da kaya, labari yake sayarwa: wane ya sayar da masara buhu hamsin jiya, ɗan wane ya dawo daga birni, motar wane za ta tashi da asuba. Shi ne ake kira infoma. A nan babu zancen taimako na hannu kawai, gama labarin ba shi da wani amfani sai na cuta. Wanda ya nuna ƙofar maƙwabcinsa ya riga ya shiga gidan tare da su. Ƙaramin ɗan kasuwa kuwa ya fi kowa sanin irin waɗannan asirai, domin a gabansa ake ƙirga kuɗi, a shagonsa ake cajin waya, a teburinsa ake hira. Asirin mai saye amana ce a hannun mai shago, daidai da kuɗin ajiya.

Tsoro da riba

Wani zai ce: "Ai duk tsoro ne. Wa ya isa ya ce musu a'a?" Gaskiya ne tsoro mai tsanani yana rage alhaki, wani lokaci ma yana ɗauke shi. Mu da muke kwana a inda akwai jami'an tsaro kusa, kada mu yi wa na Damari ko Kuyallo ko Randagi wa'azin jarumtaka daga nesa. Ba a tilasta wa kowa ya ba da ransa saboda buhun shinkafa.

Amma akwai hanyar da mutum zai gane ko tsoro ne ke tura shi ko kwaɗayi ne ke jansa, hanyar kuwa ita ce ya dubi ribarsa. Mai tsoro yana ba da abin da aka tilasta masa, ba ya ƙarawa, yana addu'a kada su dawo, in ya sami hanyar tsira yakan bi ta. Mai kwaɗayi shi ke neman su, yana ƙara jari, ransa yana ɓaci ranar da ba su kira ba. Da yawa sun fara da tsoro suka ƙare da kwaɗayi, ba su san ranar da suka ƙetare ba. Wanda kuma ya saba da kuɗinsu ya sayar da 'yancinsa, gama wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Yau fetur za a ce ya kawo, gobe a tambaye shi gidan wane.

Akwai kuma wata riba da ba ta bi ta daji ba, amma daga wahalar daji ta fito. Sa'ad da aka sace mutum, danginsa sukan fito da gona ko babur ko hatsi su sayar cikin kwana biyu. Sai a sami maƙwabci ya taya rabin kuɗi, don ya san ba su da lokacin jira. A idon doka ciniki ne, an yi shi gaban shaidu. Waliyyi Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya koyar cewa ciniki an yi shi ne domin amfanin ɓangarori biyu, kuma sayar da abu fiye da darajarsa, ko sayensa ƙasa da darajarsa, rashin adalci ne. Matsuwar ɗan'uwanka ba hajarka ba ce da za ka ci riba a kanta. Wanda ya sayi gonar mai neman kuɗin fansa da rabin kuɗi, shi da ɓarawon sun raba dukiyar gida ɗaya, ɗaya da bindiga, ɗaya da takarda. Hanyar gyara a buɗe take: ya cika kuɗin, ko ya karɓi gonar a matsayin jingina, ya mayar ranar da aka biya shi.

Bayan sulhu

Yanzu mu koma kara. Bayan sulhun 2024, mutanen da ake jin sunansu da fargaba sun shigo kasuwa da rana, sun saya, sun sayar. Ko ya halatta a yi ciniki da su? Mun ce ya halatta, har ma ana bukatarsa. Mutumin da ya ajiye bindiga, in ya tarar ba mai sayen sansa, ba mai sayar masa da gishiri, matarsa ba ta iya kawo nono gari, to an nuna masa hanyar komawa inda ya fito. Kada kuma mu manta da dubban makiyaya da ba su taɓa cutar kowa ba, su ma an sace musu shanu, an kashe musu 'yan'uwa, sa'an nan aka riƙa kallon kowane Bafulatani a kasuwa kamar ɓarawo. Su ma suna da haƙƙi a kanmu. Kasuwa wuri ne da mutanen da ba su gama yarda da juna ba suke koyon tsayawa kusa da juna, a yi tayi, a ce albarka, a sallama, kowa ya koma gida lafiya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai sulhu ba ya mai da saniyar sata ta zama halal. Saniyar da aka kora daga garken wani tana nan tasa, ko ta bi hannu goma, ko ta haihu sau uku. Dillali ya san wannan fiye da kowa. Ya san shaidar da ke jikin dabba, ya san wanda bai taɓa kiwo ba amma ya kawo bijimai, ya san kuɗin da ya yi araha fiye da kima. Asalin aikin dillali shi ne ya tsaya shaida cewa mai kaya shi ne mai kaya, la'adarsa ladan wannan shaida ce. In ya karɓi la'ada ya kau da kai, ya sayar da abin da ya sa ake kiransa dillali. Mahauci da mai tsire da mai saye don kiwo, kowa yana da nasa kason, gwargwadon abin da ya sani. Dokar ƙasa ta hana karɓar kayan sata da sani, 'yan'uwanmu Musulmi ma haka malamansu ke koyarwa, saboda haka a wannan batu bakin kasuwa duka ɗaya ne.

Za a ce mana: "In aka tsaya bin diddigin kowace saniya, sulhun zai rushe, a koma gidan jiya. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki." Wannan magana ce mai nauyi, ba mu raina ta ba. Mai yiwuwa ne hukuma da sarakuna, saboda ceton rayuka, su jinkirta wasu shari'o'i, wannan nauyi ne da ke wuyansu. Mai yiwuwa ne kuma wanda aka yi wa sata ya yafe don kansa, Allah ya saka masa. Amma mai saye ba shi da ikon yafewa a madadin mai saniya. Ba wanda ya ce masa ya kama kowa, ko ya yi faɗa da kowa. Abin da ke hannunsa kaɗan ne: ya ce ba ya so, ya wuce. Waliyyi Agustin ya koyar cewa wanda ke riƙe da kayan wani, yana da halin mayarwa amma ya ƙi, tubarsa ba ta cika ba. Mun kuma san labarin Zakka mai karɓar haraji, wanda tubarsa ta bayyana a aljihunsa, ya yi alkawarin mayar wa waɗanda ya cuta ninki huɗu. Sulhun da zai daɗe yana bukatar wata hanya, ko da a hankali ce, da gwauruwa da maraya za su ga wani abu ya dawo hannunsu. In babu wannan, fushi yana kwance ne kawai, bai mutu ba.

Nauyin unguwa

Har yanzu muna magana kamar ɗan kasuwa shi kaɗai ne a gaban lamirinsa. Amma mutum ɗaya ba ya iya tsayawa gaban masu makamai, tarihin wasu ƙasashe ma ya nuna haka. A birnin Palermo na tsibirin Sisili a Italiya, ƙungiyar miyagu da ake kira Mafiya ta daɗe tana karɓar kuɗin dole a hannun masu shaguna. A watan Janairu na 1991 wani mai masana'antar tufafi, Libero Grassi, ya rubuta a jarida cewa ba zai biya ba. 'Yan'uwansa 'yan kasuwa suka bar shi shi kaɗai, ranar 29 ga Agusta na wannan shekara aka harbe shi. Sai a 2004 wasu matasa suka fara wani yunƙuri mai suna Addiopizzo, inda masu shaguna da yawa suka ƙi biya tare, masu saye kuma suka yi alkawarin kai cinikinsu shagunan da suka ƙi. Ba mu ce Birnin Gwari Palermo ce ba. Can akwai 'yan sanda da kotuna kusa, a ƙauyukanmu da yawa kuwa babu. Darasin da muke ɗauka shi ne, gaskiyar ɗan kasuwa tana da tsada, in unguwa ba ta taya shi biya ba, ba zai daɗe a kanta ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yaya unguwa za ta taya shi? Da farko, mu biya bashi. Mai tireda da ya ba rabin unguwa kaya bashi a shekarun wahala, in ba a biya shi ba jarinsa ya karye, sai wanda ke biya nan take, ninki biyu, ya zama shi ne abokin cinikinsa. Wanda ya riƙe kuɗin mai shago alhali yana da halin biya, yana cikin masu tura shi bakin daji.

Na biyu, mu kai cinikinmu wurin wanda muka san ya ƙi kuɗin banza, ko da kayansa sun ɗara na wani da 'yan nairori. Nama mai arahar da ba a san asalinsa ba, mu tambayi kanmu hawayen wa ke cikinsa kafin mu sa a tukunya.

Na uku, mu raya adashi da asusun taimakon juna, a Zumuntar Mata, a ƙungiyoyin matasa, a tsakanin 'yan layi ɗaya a kasuwa ba tare da duban addini ba, domin wanda masifa ta faɗa wa ya sami rance kafin ya kai ga sayar da gonarsa a wulaƙance, matar da aka kashe wa miji ta sami jarin ƙosai, saurayin da ba shi da aiki ya sami abin yi kafin a yi masa tayin ɗaukar jarka.

Na huɗu, mu tsare harshenmu. Kalmar infoma ta zama wuƙa. Akan jefa ta a kan mutum saboda ya yi sabon rufi, ko saboda shagonsa ya fi na wani ciniki, ko saboda tsohuwar gabar gona, kafin a bincika an gama da shi. Wanda ya yi wa abokin kasuwancinsa wannan ƙazafi don ya gaje masu sayensa, alhakin jini yana kansa daidai da wanda ya nuna ƙofa. Mai hujja ya kai ta wurin mai unguwa ko dagaci ko jami'an tsaro, a asirce, a bincika. Marar hujja ya yi shiru. Taron jama'a da sanduna ba kotu ba ne.

Na biyar, mu bar ƙofa a buɗe ga ɗan garin da ya shiga wannan ciniki yana so ya fita. In an karɓi wanda ya riƙe bindiga, ba daidai ba ne a rufe wa wanda ya ɗauki jarka hanya. Amma shi ma ya san sharaɗin: ya daina, ya yanke hulɗa, ya mayar da abin da zai iya ga waɗanda aka cuta, ko ta hannun wani amintacce in fitowa fili zai sa ransa cikin haɗari.

'Yan'uwa, gwamnati tana iya buɗe ƙofar kasuwa da rana ɗaya, amma amanar da ke sa mahauci ya karɓi sa ba takarda, ko mai shago ya ba da taki sai kaka, wannan sai an sake gina ta ciniki bayan ciniki, a kan mudu da sikeli da littafin bashi. Kowane ɗayanmu yana saye ko yana sayarwa, saboda haka kowa yana da hannu a ginin. Kafin kasuwa mai zuwa, bari kowa ya zauna da lamirinsa ya duba: wa nake sayar wa, me nake saye, bashin wa ke kaina, sunan wa na ɓata. Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu a hanyoyi da ƙauyukan ƙasar nan, ya komo da waɗanda suka watse gidajensu, ya sa albarka a cikin ɗan abin da muke samu ta halal. Amin.